Son Gari da Gajiya da Gari: Yadda Mazauna New Orleans Ke Auna Rayuwarsu

Tun shekarar 1986 cibiyar binciken jin ra'ayi ta Jami'ar New Orleans take buga wa mutane waya lokaci-lokaci tana tambayarsu yadda suke ganin zaman garinsu. Sun gamsu ko ba su gamsu ba? Wace matsala ce ta fi ci musu tuwo a ƙwarya? Yaya aikin 'yan sanda, yaya tituna da magudanun ruwa da makarantu? Tambayoyi iri ɗaya ake yi wa mazauna gundumar Orleans, wadda ita ce birnin kansa, da na maƙwabciyarta Jefferson, a jihar Luwiziyana da ke kudancin Amurka. Darajar binciken tana cikin tsawon zangonsa, domin ya ratsa shekarun da kisan kai ya yi ƙamari, ya ratsa ambaliyar Katrina ta 2005, ya kuma ratsa shekarun sake gina gari.

Abu biyu suke yawan maimaita kansu a sakamakon. Mazauna Jefferson sun fi na Orleans nuna gamsuwa, kusan ko da yaushe. Sannan idan aka ce wa mutumin Orleans ya faɗi babbar matsalar gari, aikata laifi ne yake fara zuwa bakinsa a mafi yawan shekaru. Gamsuwar jama'a kan bi sawun alƙaluman kisa. A 1994 an kashe mutum 424 a birnin, shekara mafi muni a tarihinsa. Magajin gari Marc Morial ya ɗauko Richard Pennington daga birnin Washington ya ba shi shugabancin 'yan sanda, kuma zuwa 1999 adadin ya sauko kusan 160. Hankalin mutane ya kwanta, amsoshinsu suka nuna haka. A 2022 kisa ya sake haura 260 a garin da mutanensa ba su kai 400,000 ba, abin da ya sa ya shiga sahun gaba a manyan biranen Amurka idan aka auna da yawan jama'a. Ra'ayin mazauna ya yi ƙasa sosai, har aka yi yunƙurin tara sa hannu don tsige magajiyar gari ta lokacin, LaToya Cantrell, yunƙurin da ya ci tura a 2023.

Wanda ya tsaya a nan zai ce ai magana ta ƙare, a rage kisa mutane su ji daɗin garinsu. To amma zuwa 2024 kisan ya ragu da kusan rabi, mutane kuwa ba su fasa tattara kayansu ba. Ƙidayar 2020 ta sami mutum 383,997 a birnin, kiyasin hukumar ƙidaya na 2024 kuma ya sa su kimanin 363,000. A ganina, a nan ne nazarin ra'ayin mazauna ya kamata ya fara. Abin da ke ɗaga hankalin mutum a ranar da aka buga masa waya daban, abin da ke sa shi sayar da gidan gado ya koma Houston ko Atlanta daban.

Sai an fahimci ƙasar da garin yake kai kafin a fahimci koke-koken mutanensa. New Orleans tana tsakanin kogin Misisipi da tafkin Pontchartrain, kuma kusan rabinta ya yi ƙasa da tsayin ruwan teku. Tsofaffin unguwanni suna kan ɗan tudun da kogin ya tara a gefensa. Sauran akasari fadama ce da aka fara zuƙewa a farkon ƙarni na 20 da manyan injinan da injiniya A. Baldwin Wood ya ƙera. Da aka tsotse ruwan, ƙasar ta bushe ta soma nutsewa, kuma har gobe nutsewa take yi. Shi ya sa kwalta ke tsagewa, bututun ruwa ke fashewa a ƙarƙashin ƙasa, matakalar ƙofar gida ke rabuwa da jikin gidan. Ruwan sama kuwa, wanda yakan haura milimita 1,500 a shekara, ba shi da gangaren da zai bi ya fita da kansa. Ruwan da ya faɗo cikin kwarin garin sai an ɗaga shi da inji an zuba waje.

Hukumar ruwa da magudanu ta birnin, wadda aka kafa a 1899, ta daɗe tana cewa injinanta za su iya kwashe inci ɗaya na ruwan sama a sa'ar farko, sannan rabin inci a kowace sa'a bayan nan. Hadarin bazara ɗaya yana iya zubar da ninkin wannan. Ga shi kuma wasu daga cikin tsofaffin injinan an ƙera su ne don wata irin wutar lantarki ta dā wadda kamfanin wuta ba ya bayarwa, ya zama dole hukumar ta shafe shekaru tana samar da ita da nata tsofaffin injinan wuta masu yawan lalacewa. Ranar 5 ga Agusta 2017 ruwan sama na 'yan sa'o'i ya shiga gidaje da shaguna, jami'ai suka ce komai na aiki, daga baya ta bayyana cewa wasu injinan a kwance suke. Manyan jami'ai sun rasa kujerunsu, amma yardar da jama'a suka rasa ba ta dawo da sauƙi ba.

Ga yadda abin yake a rayuwar yau da kullum. Idan aka hango ruwa mai ƙarfi, hukumar birni takan sanar cewa an ɗage dokar hana ajiye mota a tsibirin ciyawa da ke tsakiyar manyan tituna. Nan da nan za ka ga motoci sun hau can sun jeru, domin wurin ya ɗara kwalta tsayi da 'yar tazara, kuma wannan 'yar tazarar ce ke raba mai mota da asara. Wasu maƙwabta sukan fito da manjagara su kwashe ganye daga bakin magudanar layinsu. A 2018 ma'aikata sun bayyana cewa sun zaƙulo tan 46 na sarƙoƙin roba, irin waɗanda ake watsa wa 'yan kallo a bikin Mardi Gras, daga magudanun wani ɗan gajeren sashe na titin St. Charles kaɗai. Ƙara da sanarwar a tafasa ruwan famfo kafin a sha, wadda ke fitowa duk lokacin da ƙarfin ruwa ya faɗi a bututu, da takardun kuɗin ruwa masu kuskure da mutane suka shafe shekaru suna kuka da su. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya kai harbin bindiga tayar da hankali, shi ya sa ba su cika zuwa na farko a amsa ba. Sannu a hankali suke cinye haƙurin mutum.

Akwai kuma tambayar da ta fi kowace muhimmanci ga mai nazari: wa aka tambaya? Binciken jami'ar masu rajistar zaɓe yake nema, wato waɗanda suke zaune a gundumar. Wanda ya tafi ba ya cikin lissafi. A garin da bai taɓa fuskantar babbar ƙaura ba wannan ƙaramin gibi ne. A New Orleans kuwa babban rami ne. Ƙidayar 2000 ta nuna mutum 484,674. Ranar 29 ga Agusta 2005 shingayen ruwan da rundunar injiniyoyin sojan Amurka ta gina suka karye, kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse, aka watsa mutanensa jihohi daban-daban. Ƙidayar 2010 ta sami 343,829. Mafi yawan waɗanda ba su dawo ba baƙaƙen fata ne, kimanin mutum 100,000, kuma rabonsu a cikin jama'ar birnin ya sauko daga kusan kashi biyu cikin uku. Saboda haka idan gamsuwa ta ƙaru a shekarun sake gina gari, kamar yadda ta ƙaru, dole a tambaya nawa ne daga cikin ƙarin ya fito daga gyaran gari, nawa ne kuma ya fito daga rashin muryar waɗanda aka bari a waje.

Kuma rashin dawowar ba ƙaddara kaɗai ba ce, akwai hannun hukuma a ciki. Shirin tallafin gyaran gidaje na Road Home ya ɗora kuɗin da zai ba mai gida a kan darajar gidan kafin ambaliya ko kuɗin gyara, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Gida biyu masu girma ɗaya, ɓarna ɗaya, kuɗin katako da leburanci ɗaya, amma na unguwar baƙaƙe darajarsa a kasuwa ƙasa take, sai mai shi ya sami abin da ba zai ishe shi gyara ba. An kai ƙara a 2008, aka sasanta a 2011, lokacin da mutane da yawa sun riga sun kafa rayuwa a wani gari. A Disambar 2007 majalisar birni ta amince a rushe manyan rukunan gidajen gwamnati huɗu, wato B.W. Cooper, C.J. Peete, Lafitte da St. Bernard. An sallami ma'aikatan makarantun gwamnati sama da 7,000, akasarinsu baƙaƙen fata, aka miƙa makarantun ga hukumomi masu cin gashin kansu. Sakamakon jarrabawa ya inganta, wannan gaskiya ne, amma iyaye da yawa suna kukan cewa makarantar unguwa ta ɓace, yaro sai ya tsaya jiran bas tun duku-duku. Asibitin Charity, inda talakawan gari suka haifi 'ya'yansu tsara bayan tsara, bai sake buɗewa ba.

Ba abin mamaki ba ne da binciken Jami'ar Jihar Luwiziyana na 2015, shekara goma bayan ambaliya, ya gano cewa kusan huɗu cikin biyar na fararen fatar birnin suna ganin an farfaɗo, alhali kusan uku cikin biyar na baƙaƙe suna ganin ba a farfaɗo ba. Kowane ɓangare abin da ya gani a layinsa ya faɗa. Mai zama kusa da kogi ya ga sababbin gidajen cin abinci. Mai zama a Lower Ninth Ward, unguwar da ke da mutum kusan 14,000 a 2000 kuma yawancinsu masu gidan kansu ne, ya ga filaye sun cika da ciyawa inda maƙwabtansa suke a dā. Matsakaicin waɗannan amsoshi biyu lamba ce da ba ta wakiltar kowa.

Duk da haka, wanda ya karanta koke-koken kaɗai ba zai gane abin da ya riƙe waɗanda suka zauna ba. Luwiziyana tana kan gaba a jihohin Amurka wajen yawan mazauna da aka haifa a cikinta. A New Orleans idan aka tambaye ka makarantar da ka yi, sakandare ake nufi, domin daga nan za a gano unguwarku da danginku. Tun ƙarni na 19 baƙaƙen garin suka kafa ƙungiyoyin taimakon juna, inda kowa ke zuba ɗan abin da ya samu kamar adashi, don a biya kuɗin magani da na jana'iza lokacin da kamfanonin inshora ba sa karɓarsu. Magadan waɗannan ƙungiyoyi ne suke fitowa yau ranar Lahadi, mafi yawan makonnin shekara, da makaɗan algaitun tagulla da ganguna, su zaga unguwanni na tsawon sa'o'i, duk wanda ya ga dama ya bi bayansu yana rawa. Ba don baƙi ake yi ba. A nan mutum yake haɗuwa da ɗan'uwan da ya tuƙo mota tun daga Texas don ranar kawai. Takardar bincike tana da gurbin 'yan sanda da gurbin shara, amma ba ta da gurbin da zai ɗauki wannan, kuma shi ne yake sa mutum ya zagi hukumar ruwa da safe, da yamma ya ce ba shi da garin da ya wuce nan.

Haɗarin shi ne masu mulki su ɗauki wannan ƙauna a matsayin shaidar cewa aikinsu na kyau. Tattalin arzikin birnin ya jingina sosai da 'yan yawon buɗe ido, waɗanda suka kusa miliyan 20 a 2019, amma mai dafa abinci da mai gyaran gadon otal da makaɗi suna aiki ne a jihar da ba ta da mafi ƙarancin albashi nata, sai na tarayya, dala 7.25 a sa'a, wanda bai motsa ba tun 2009. A unguwanni irin su Tremé gidaje da dama sun koma masaukin kwana biyu ta Airbnb, haya ta tashi, masu al'adar da baƙi ke zuwa kallo suka matsa zuwa bayan gari.

Guguwar Ida ta 29 ga Agusta 2021 ta nuna inda matsalar ta koma. Sabon tsarin shingaye, wanda ya ci kusan dala biliyan 14.5, ya riƙe ruwan teku. Amma duka manyan layukan wuta takwas da ke shiga birnin sun katse, gari ya kwana cikin duhu da zafi kwanaki, tsofaffi suka mutu a ɗakunansu, shara ta yi makonni a bakin titi. Bayan nan kamfanonin inshorar gidaje kusan goma sha biyu suka durƙushe a jihar, wasu suka daina karɓar sababbin gidaje, dubban mutane suka koma inshorar jiha wadda a lokacin doka ta tilasta ta fi ta kasuwa tsada. Mai biyan bashin gida a banki ba shi da ikon ƙin inshora, don haka abin da yake biya duk wata ya ƙaru ko da bashin bai ƙaru ba, mai ba da haya kuma ya ɗora wa ɗan haya. A daidai wannan lokaci hukumar agajin gaggawa ta tarayya ta sauya yadda take lissafin inshorar ambaliya, ta yadda kuɗin gidaje da yawa zai riƙa hawa har kashi 18 cikin 100 kowace shekara, sai ya kai abin da take ganin shi ne ainihin haɗarin wurin.