Allon madannai mai rabi biyu: gyaran da ya shekara ɗari yana jiran karɓuwa

Duk allon madannai da ke gaban kwamfuta a yau yana ɗauke da wata alama da mutane kaɗan ke lura da ita. Layukan haruffansa ba su daidaita da juna ba. Harafin A bai zauna daidai ƙarƙashin Q ba, ya ɗan gusa dama, Z kuma ya ƙara gusawa. Babu wani abu a halittar hannun ɗan Adam da ya buƙaci wannan karkata. Gado ce daga wata na'ura ta ƙarni na 19 wadda ta daɗe da barin ofisoshi, ta bar mana siffarta. Tarihin allon madannai mai rabi biyu shi ne tarihin waɗanda suka yi ƙoƙarin raba hannu da wannan gado, da dalilin da ya sa ƙoƙarin ya ɗauki tsawon lokaci haka.

Siffar da ƙarfe ya tilasta

A shekarar 1868 Christopher Latham Sholes, ɗan jarida kuma mai harkar ɗab'i a birnin Milwaukee na Amurka, ya sami takardar mallakar ƙirƙira ta tafireta tare da abokansa Carlos Glidden da Samuel Soule. Kamfanin Remington, wanda aka fi sani da ƙera bindigogi, shi ya karɓi aikin, ya fito da na'urar kasuwa a 1874. A cikinta kowane maɓalli yana haɗe da doguwar sanda da ke miƙawa zuwa cikin na'urar, ta ɗaga harafi ya mari takarda. Da an jera maɓallan ɗaya a bayan ɗaya, da sandunan sun yi karo. Saboda haka aka gusar da kowane layi kaɗan domin sandar na baya ta sami hanyar wucewa tsakanin na gaba. Asalin karkatar ke nan.

A wancan lokaci da yatsu biyu ko huɗu ake bugu, ana kallon haruffa. Bugu da yatsu duka ba tare da kallo ba ya yi suna ne bayan gasar da aka yi a Cincinnati a 1888, inda Frank McGurrin, wani akawun kotu, ya yi nasara da wannan salo a kan na'urar Remington. Makarantun koyon tafireta suka runguma, aka koya wa dubban mutane, galibinsu mata, su ajiye yatsu takwas a layin tsakiya. Ta haka na'urar da aka ƙera ba tare da tunanin hannu biyu a jere ba ta zama wurin zaman hannu biyu yini guda.

Illar da ke cikin wannan zama iri uku ce. Faɗin kafaɗun mutum ya fi faɗin layin haruffa, don haka hannuwa sukan taho daga gefe su haɗu a tsakiya, sannan wuyan hannu ya lanƙwashe zuwa ɓangaren ƙaramin yatsa domin yatsu su daidaita da layi. Na biyu, allon a shimfiɗe yake, dole a kifa tafin hannu gaba ɗaya, alhali hannun da ya saki jiki a gicciye yake tsayawa, kamar na mai miƙa hannu a gaisa. Na uku, tudun allon yana sa wuyan hannu ya ɗago sama. Ta wata 'yar matsattsiyar kafa a wuyan hannu jijiyoyin da ke motsa yatsu suke bi, tare da wata babbar jijiya mai kai saƙon ji ga babban yatsa da maƙwabtansa. Kowace lanƙwasa tana ƙara matsi a wannan kafa.

Waɗanda suka gani tun da wuri

Ciwon masu rubutu ya girmi tafireta. Likitan nan na Italiya, Bernardino Ramazzini, wanda ya wallafa littafinsa kan cututtukan masu sana'a a 1700, ya ƙara bayani a bugun 1713 kan magatakarda da akawuna, ya danganta ciwonsu da dogon zama da maimaita motsi ɗaya na hannu. Tafireta ta sauya wa tsohuwar cuta mazauni ne kawai.

Maganin ma bai yi jinkirin bayyana ba. A 1915 an ba wani mai suna Heidner takardar mallakar ƙirƙira a Amurka kan tafireta mai madannai rabe gida biyu. A 1926 Bajamushe Klockenberg ya wallafa littafi kan gyara tafireta da yadda ake aiki da ita, ya bayyana yadda take takura hannu, ya ba da shawarar a raba madannai biyu, a buɗa su, a karkata kowane rabi. Kusan duk abin da ake tallatawa yau da sunan sabuwar fasaha yana cikin wannan shawara. Sai dai tafireta ta sandunan ƙarfe tana da wuyar rabawa, kuma babu kamfanin da ke son sayar da na'urar da akawun da ya ƙware zai koma ɗan koyo a kanta.

August Dvorak na Jami'ar Washington ya bi ta wata hanyar. A 1936 ya sami takardar mallakar wani sabon jerin haruffa da ya tara wasula da baƙaƙen da aka fi amfani da su a Turanci a layin tsakiya. Ya sauya wurin haruffa, ya bar siffar allon yadda take. Jerin nasa bai kawar da QWERTY ba, kuma faɗuwarsa ta zama darasi ga duk mai ƙera kaya: abin da yatsun miliyoyin mutane suka haddace ya fi kowace hujja nauyi a kasuwa.

Ko da lantarki ya shigo, siffar ba ta motsa ba. Tafiretar IBM Selectric ta 1961 ta maye gurbin sandunan haruffa da wata 'yar ƙwallo mai juyawa, kwamfuta kuma ta kawar da buƙatar kowace sanda, amma layuka suka ci gaba da karkata. A 1972 Karl Kroemer ya farfaɗo da batun a mujallar Human Factors da gwaje-gwaje kan allo rabe biyu mai karkata, daga baya kuma Etienne Grandjean da abokan aikinsa a Zurich suka ɗora a kai. A Ingila, Lilian Malt, ƙwararriya wajen horar da masu tafireta, ta haɗa kai da injiniya Stephen Hobday suka fito da Maltron a 1977. A kansa haruffan kowane hannu suna cikin wani ɗan kwarmi kamar ƙoƙo, an jera su a miƙe bisa tsawon kowane yatsa, an kuma ba manyan yatsu nasu rukunin maɓallai, maimakon sanda ɗaya tilo ta barin fili da suke rabawa a allon da aka saba. Da hannu ake haɗa Maltron, yana da tsada, kuma masu sayensa galibi waɗanda ciwo ya riga ya kama ne.

Lokacin da ciwo ya isa kotu

Abin da hujjar masana ta kasa yi, asarar kuɗi ta yi. Tsohuwar tafireta tana tilasta hutu ba da niyya ba: a sa takarda, a mayar da abin ɗaukar takarda farkon layi, a tsaya a goge kuskure. Kwamfuta ta share waɗannan 'yan tsaye-tsaye, mutum ya iya bugu sa'o'i ba ɗagawa. A farkon shekarun 1980 ƙorafin ciwon hannu ya yi yawa a ofisoshin Ostireliya, har da kamfanin sadarwa na gwamnati, ya kai ƙololuwa a tsakiyar shekarun, ya haddasa muhawara mai zafi tsakanin likitoci kan ko allon ne sanadi, ko yawan aiki, ko yanayin wurin aikin.

A Amurka, ma'aikatan waya da na ofis da 'yan jarida suka riƙa kai kamfanonin kwamfuta ƙara a shekarun 1990. A 1996 masu taimaka wa alƙali a wata kotun tarayya a Brooklyn suka yanke wa kamfanin Digital Equipment diyyar miliyoyin daloli, ko da yake daga baya alƙali ya soke mafi yawanta. Gwamnatin Clinton ta fitar da dokar kare ma'aikata daga irin wannan ciwo a ƙarshen 2000, majalisar dokoki ta soke ta a watan Maris na 2001.

Cikin wannan guguwa ne allon ya shiga kasuwa. Kamfanin Kinesis ya fito da nasa mai kwarmi a 1992, Apple ya fito da wanda ake iya buɗa rabinsa biyu a 1993, Microsoft kuma ya fito da Natural Keyboard a 1994. Na Microsoft ne ya karɓu a gidaje da ofisoshi, kuma dalilin a fili yake: shi ne ya fi sassauci wajen neman canji. Jiki ɗaya ne, an buɗa haruffan hannu biyu, an ɗan tayar da tsakiya, an bar jerin QWERTY da karkatar layuka yadda suke. Mai amfani da shi yakan saba cikin 'yan kwanaki. Da David Rempel ya waiwayi wannan tafiya a 2008, ya ɗauke ta a matsayin nasara, domin bincike ya yi ta nuna cewa raba allo yana miƙar da wuyan hannu. Hujjar cewa allon shi kaɗai yana hana ciwo ba ta kai wannan ƙarfi ba, tunda tsayin tebur, kujera, yawan aiki da hutu duk suna da hannu.

Daga masana'anta zuwa teburin gida

Wani canjin kuma yana gudana a ƙarƙashin maɓallai. Allon IBM Model M na tsakiyar shekarun 1980 yana da sifirin a ƙarƙashin kowane maɓalli. Neman araha ya sa a shekarun 1990 kamfanoni suka koma ga shimfiɗar roba mai 'yan tuddai, wadda sai an danne ta har ƙasa harafi ke fita. Makunnin Cherry MX na Jamus yana aiki daban: maɓallin yana iya nutsewa milimita 4, amma harafi yakan fita tun a wajen milimita 2, don haka yatsa ba ya buƙatar dukan ƙasa. Da wa'adin mallakar ƙirar ya ƙare, kamfanonin Sin irin su Kailh da Gateron suka cika kasuwa da ire-irensa masu rahusa.

Wannan ya ba ɗaiɗaikun mutane damar yin abin da manyan kamfanoni suka ƙi. A farkon shekarun 2010 Dominic Beauchamp ya zana ErgoDox, rabi biyu da waya ke haɗawa, layuka a miƙe, rukunin maɓallai ga kowane babban yatsa, ya kuma saki zanen kyauta ga duk mai son ƙerawa. Mutane suka riƙa haɗa kuɗi su sayi kayan, kowa ya liƙa nasa da dalma a gida. A 2015 aka fara sayar da ErgoDox EZ a haɗe. Manhajar QMK, wadda Jack Humbert ya gina a kan wata da ta gabace ta mai suna TMK, ta ba mai allo ikon sauya aikin kowane maɓalli da tara ayyuka hawa-hawa, ta yadda riƙe maɓalli ɗaya zai mayar da haruffa su zama lambobi ko alamomi. Shi ya sa allon Corne, wanda aka zana a Japan, ya wadatu da maɓallai 42 kacal.

Abin da tarihin ke gaya wa mai saye

Kayan da ke kasuwa yau matakan wannan tarihi ne a jere, kuma kowane mataki yana neman sabo ya ƙara sakin wani abu. Wanda damuwarsa lanƙwasar wuyan hannu ce kawai, allon da aka raba aka bar layukansa yadda aka saba ya ishe shi. Wanda ƙaramin yatsansa na dama ya gaji da miƙewa zuwa maɓallan gogewa da sabon layi, mai rukunin manyan yatsu ne zai sauke masa nauyi, amma ya shirya wa raguwar saurinsa na makonni. Mai kwarmi irin na Maltron da Kinesis shi ne mataki mafi nisa, shi ne kuma mafi tsada.

Wajen amfani, darasin Dvorak yana nan. Sauya siffar allo da jerin haruffa a lokaci guda shi ke sa mutane da yawa su mayar da sabon allo cikin kwalinsa. A fara da ajiye rabin biyu kusa da juna, a riƙa buɗa su sannu a hankali har su kai faɗin kafaɗu, a tayar da gefen ciki kaɗan kafin a ƙara. Allon zai tona asirin wanda ya saba tsallaka iyaka, ya buga B ko Y da hannun da ba nasa ba, domin yatsan zai sauka a kan tebur. Makunni mai taushi ya fi dacewa da mai gudun gajiya. Idan kuwa yatsu sun fara mutuwa ko suna tsikari da dare, wurin likita ya kamata a fara zuwa kafin kanti.

Mai rubutu da Hausa yana da wata riba ta daban. An tsara QWERTY domin Turanci, babu gurbin ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a cikinsa, abin da ya sa rubuce-rubuce da yawa ke zubar da ƙugiyoyin, har kafa da ƙafa su zama kalma ɗaya. A allon da ake iya sauya aikin maɓallansa, mutum zai iya ajiye ƙ a hawa na biyu na k, ɗ a na d, ya riƙe maɓalli guda da babban yatsa ya same su, muddin ya daidaita kwamfutar ta karɓi haruffan.

Har yanzu allon Sholes ne ke mulki, a kan kwamfutar tafi-da-gidanka har da gilashin wayar hannu, inda babu sandar ƙarfe ko ɗaya amma layuka na nan a karkace. Abin da ya sauya tun zamanin Klockenberg shi ne wanda hannunsa ke ciwo ba ya jiran Remington ko IBM su yarda da hujjarsa. Zanen yana nan kyauta, makunnan sun yi araha, abin da ya rage masa shi ne 'yan makonnin da yatsunsa za su yi suna sake koyo.