Saperavi: Inabin Jojiya da ya shiga tsakiyar rikicinta da Rasha

Saperavi wani nau'in baƙin inabi ne ɗan asalin ƙasar Jojiya da ke yankin Kaukasus, kuma da shi ake yin mafi shaharar jar giyar inabi ta ƙasar. Ma'anar sunan a harshen Jojiya ita ce "abin rini". Dalili kuwa shi ne, yawancin baƙaƙen inabi ɓawonsu kaɗai ke da launi, amma Saperavi har tsokarsa da ruwansa ja ne wur. Yana cikin nau'o'in inabi sama da 500 da ƙasar ke da su, sai dai babu wani baƙin inabi da ya kai shi yawan gonaki da kawo kuɗin shiga.

Inda ake noma shi

Cibiyar nomansa ita ce lardin Kakheti da ke gabashin ƙasar, musamman kwarin kogin Alazani da ke gindin tsaunukan Kaukasus. Kuringarsa tana jure sanyin hunturu mai tsanani, 'ya'yanta kuma ba sa saurin nuna. Ana girbi tsakanin Satumba da Oktoba, lokacin da ake kira Rtveli, inda dangi ke taruwa su yi aikin gayya. Babbar barazanar manoma ita ce ƙanƙara, wadda kan lalata amfanin shekara cikin mintoci. Tun da ƙwaron filoksera mai cin saiwa ya addabi gonakin ƙasar a ƙarshen ƙarni na 19, ana aura reshen Saperavi ne a kan saiwar inabin Amurka mai jure ƙwaron.

Giyarsa tana da tsami da ɓauri, shi ya sa take daɗewa a ajiye. Wasu nau'o'inta na ɗauke da sunan yankin da aka noma inabin, kamar Mukuzani marar zaƙi da Kindzmarauli mai ɗan zaƙi.

Randar ƙasa

Hanyar gargajiya ita ce zuba matsattsen inabi, haɗe da ɓawo da ƙwaya, a wata babbar randa mai suna kvevri, wadda ake shafe cikinta da kakin zuma a binne ta har wuya. Sanyin ƙasa ne ke daidaita zafin ruwan har ya tsimu. A 2013 hukumar UNESCO ta sanya wannan hanya cikin al'adun da duniya ta gada. A 2017 kuma masu bincike suka sanar da gano burbushin giyar inabi a jikin fasassun tukwane a Gadachrili Gora da Shulaveris Gora, kudu da Tbilisi, masu shekara kusan 8,000.

Kasuwa ɗaya, haɗari babba

A zamanin Tarayyar Sobiyat, Jojiya na cikin manyan masu samar wa tarayyar giyar inabi, kuma an fi damuwa da yawa fiye da inganci. Yaƙin da Mikhail Gorbachev ya ƙaddamar kan shan barasa a 1985 ya sa an tuge gonaki masu yawa. Bayan samun 'yanci a 1991, Rasha ta ci gaba da sayen mafi yawan abin da ake fitarwa.

A watan Maris na 2006 Rasha ta haramta shigo da giyar inabin Jojiya, bisa hujjar cewa tana ɗauke da sinadarai masu cutarwa. Gwamnatin Mikheil Saakashvili, wadda ke neman kusantar Turai da ƙungiyar NATO, ta ɗauki matakin a matsayin horon siyasa. Shekara biyu bayan haka ƙasashen suka gwabza yaƙi. Ba a ɗage haramcin ba sai a 2013, bayan ƙawancen Bidzina Ivanishvili ya lashe zaɓen 2012.

Waɗancan shekaru bakwai sun jigata ƙananan manoman Kakheti, amma sun tilasta wa kamfanoni gyara inganci da neman masu saye a Yukren, Poland, Sin da Amurka. Yarjejeniyar da Jojiya ta ƙulla da Tarayyar Turai a 2014 ta ƙara buɗe wata ƙofar. Duk da haka, da aka ɗage takunkumin, Rasha ta sake zama babbar mai saye, tana kwasar fiye da rabin abin da ake fitarwa.

Nan ne muhawarar take a yau. Masu goyon bayan cinikin na cewa manomi ba shi da wata kasuwa mai girma da kusanci kamar ta Rasha. Masu suka kuwa na tunatar da cewa wanda ya rufe ƙofa sau ɗaya zai iya sake rufewa, kuma duk ƙasar da ta rataya arzikin manomanta a wuyan maƙwabciya guda ta miƙa mata wani ɓangare na 'yancinta.