Ɗakin cin abincin 'yan matan ashana

A watan Yulin 1888, mata da 'yan mata kimanin 1,400 suka ajiye aiki a masana'antar ashana ta Bryant & May da ke unguwar Bow a gabashin Landan. Cikin buƙatun da suka gabatar akwai wadda mai karatu na yau zai iya rainawa: a ware musu ɗaki na daban da za su riƙa cin abinci a ciki.

Dalilin wannan buƙata yana kan tsinken ashanar ne. A wancan zamani ana tsoma kawunan tsinkayen cikin wani haɗi mai ɗauke da farin fosfaras, sinadarin da ke sa ashana ta kama ko a ina aka ƙyasta ta. Ma'aikatan kan wuni suna shaƙar hayaƙinsa, sannan su ci burodinsu a inda suke aiki, da hannun da ya taɓa shi. Cutar da yake haddasawa takan fara da ciwon haƙori da kumburin dasashi, daga nan ƙashin muƙamuƙi ya shiga ruɓewa yana fitar da mugunya mai wari. Idan ta yi nisa, abin da ya rage wa likita shi ne ya cire ƙashin. Wasu kuwa ita ce ajalinsu.

Abin takaicin shi ne, an daɗe da sanin mafita. Tun shekarun 1850 ake yin ashana da jan fosfaras a Suwidin, wanda ba ya cin ƙashi. Sai dai ta fi tsada, kuma ba ta kamawa sai a gefen kwalinta, don haka kasuwa ta fi karɓar mai cutarwar.

A watan Yunin 1888 'yar gwagwarmaya Annie Besant ta wallafa maƙala kan halin da matan ke ciki. Kamfanin ya nemi su sa hannu a takardar da ke ƙaryata ta, suka ƙi. Da aka kori ɗaya daga cikinsu sai sauran suka fita. Bayan kusan mako biyu kamfanin ya sauko. Aka soke tarar da ake yanka daga ladansu saboda makara ko surutu, aka kuma amince da ɗakin abincin.

A ganina nan ne ake yawan tsayar da labarin da wuri, domin farin fosfaras bai bar masana'antar ba. Ɗakin ya rage haɗarin ne kawai, kamar yadda wasu ofisoshinmu ke shirya taron bita kan gajiya alhali sa'o'in aikin na nan yadda suke. A 1898 aka ci tarar kamfanin saboda ƙin sanar da hukuma ma'aikatan da suka kamu da cutar, kuma sai a 1901 ya daina amfani da sinadarin.

Ƙasar Finlan ta haramta shi tun 1872. Yarjejeniyar da wasu ƙasashen Turai suka ƙulla a birnin Bern a 1906 ta faɗaɗa haramcin, amma Birtaniya ba ta yi tata dokar ba sai 1908, ta kuma fara aiki a 1910, shekara 22 bayan yajin. Amurka ta bi wata hanyar a 1912: ta ɗora wa irin wannan ashana haraji mai nauyi har yin ta ya daina kawo riba.