Shaihu Umar A Majigi: Fim Ɗin Da Ya Ɓace Ya Dawo

'Yan'uwana ɗalibai, kusan kowannenmu ya karanta littafin Shaihu Umar na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a Zariya a 1934, bayan gasar rubutun da Rupert East ya shirya. Amma da na tambayi 'yan ajinmu ko sun san an mai da shi fim, sai aka yi ta kallon juna. Ni kaina a bakin wani malaminmu na fara jin labarin.

Adamu Halilu ne ya shirya fim ɗin a 1976, watau shekara goma bayan kisan marubucin. Shi Halilu ya ƙware ne a sashen majigi na gwamnati, inda ake yin finafinan koya wa talakawa tsabta da noma, a ɗora a mota a zaga da su ƙauyuka. Wannan karon kuwa ba darasi ya ɗauko ba, ciwo ya taɓo. Ga yaro an sace shi, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, an haye Sahara da shi zuwa ƙasar Masar. Ga uwa ta bi sawunsa, ita ma aka bautar da ita a hanya; da suka sadu kuma ba ta daɗe ba ta rasu.

Abin lura a nan shi ne, sa'ad da Ɓalewa ya rubuta labarin, ba a riga an soke bauta baki ɗaya a dokar Arewa ba, sai a 1936. Ke nan cikin masu karatunsa na farko akwai 'ya'yan bayi da 'ya'yan iyayengijinsu. Zuwa 1976 kuwa, zancen ya zama abin da ake yi ƙasa-ƙasa, sai in batun aure ko sarauta ya tashi. A ganina, ƙarfin halin Halilu shi ne da ya nuna ayarin bayi da Hausa, a gaban jikokin ɓangarorin biyu.

To, ina fim ɗin ya shiga? Shekaru da yawa an ɗauka ya salwanta, sai a 2016 aka gano gwangwanayensa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Watau Jamusawa sun riga tsararmu ganinsa. Ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu su nemi kwafi, a haska mana shi a Makon Hausa, a gayyato da malaman tarihi.