Huda katakon jita: Zaɓen mahuji da yadda ake danne aiki

Mai ƙera jita a gida domin sha'awa zai iya gyara kuskuren fenti ko na goga, amma ramin da ya karkace da wuya ya gyaru. Jitar lantarki guda tana buƙatar ramuka da dama: shida a kai domin maɗauran tsirkiya, huɗu na kusoshin da ke haɗa wuya da gangar jiki a salon da Leo Fender ya yaɗa daga Amurka tun 1950, sai na jakin da tsirkiyoyi ke hawa da na maɓallan sauti. Ingancin kowane rami ya dogara ga injin, da bakin huji, da yadda aka riƙe katakon.

Injin huda iri biyu ne. Na hannu, mai waya ko mai batir, ya wadatar wajen ƙananan ramukan kusoshi, sai dai hannun mutum ba ya sauka a miƙe daidai. Na girke kuwa, wanda ke tsaye kan ginshiƙi da faifan ɗora aiki, shi ke tabbatar da miƙaƙƙen rami. Kafin a saye shi, ana auna tazarar da ke tsakanin ginshiƙin da bakin huji. A ƙananan injuna ba ta wuce kimanin santimita 10, alhali faɗin gangar jita ya haura santimita 30, don haka bakin ba zai kai tsakiyarta ba.

Bakin huji mai murɗe, wanda aka saba huda ƙarfe da shi, yakan zame daga alama ya yage saman katako. Wanda ya dace shi ne mai tsini a tsakiya da kaifi a gefe biyu: tsinin ya kama alamar, gefunan su yanke da'irar kafin a shiga ciki. Da shi ake huda ramukan maɗauran tsirkiya, waɗanda a yawancin na zamani milimita 10 ne, na tsohon yayi kuma sun fi ƙanƙanta. Saboda haka ake sayen maɗauran a auna su kafin a taɓa katako. Manyan ramuka masu shimfiɗaɗɗen gindi kuwa aikin bakin Forstner ne, wanda Ba'amurke Benjamin Forstner ya ƙirƙiro a ƙarni na 19. Ƙa'ida ita ce, gwargwadon faɗin baki, gwargwadon rage gudun injin, domin gudu mai yawa yana ƙona katako ya dakusar da kaifi.

Sai dai injin komai tsadarsa ba ya amfani idan aikin na motsi. Baki mai faɗi kan cije katako ya fizge shi daga hannu, ya juya shi da ƙarfin da zai iya raunata yatsu. Don haka ake ɗaure aikin a kan faifai da ƙarafan matsi biyu, domin guda ɗaya yakan bar shi ya kewaya. Tsakanin ƙarfe da jikin jita ana sa fata ko guntun katako mai laushi, gudun tabo. A ƙarƙashi kuma ana shimfiɗa katakon da ba a buƙata, a matse su tare, don kada bakin ya farfasa bayan aikin yayin fitowa. Wuyan jita, da yake bayansa a kewaye yake, ana sassaƙa masa mazauni mai kwarmi da zai kwanta a ciki.

Wuri mafi wuya shi ne ramuka shida da tsirkiyoyi ke ratsa gangar jiki a samfurin Telecaster. Bakin kimanin milimita 3 ne, kaurin katakon kuwa ya kai milimita 44, sirantarsa kan sa ya bi jijiyar itace ya bauɗe. Masu sana'ar kan huda rabi daga sama, su juya aikin su ƙarasa daga ƙasa, suna ɗaga bakin a kai a kai domin fitar da dusa.

Katako mai tauri irin na wuya yana buƙatar ƙaramin ramin share fage kafin ɗaura kusa, in ba haka ba kan kusar ya karye a ciki. Ana naɗa salatif a jikin bakin domin nuna iyakar zurfi. Mai aiki kuma ya naɗe hannun riga, ya cire safar hannu, ya kare idanunsa, sannan ya gwada kowane rami a kan guntun katako kafin ya kusanci jitar.