Tarihin Makaɗan Loudness na Japan da Matsalar Harshen Waƙa

Gabatarwa

Loudness sunan wata ƙungiyar makaɗa ce ta ƙasar Japan, wadda samari huɗu suka kafa a cikin shekarar 1981. Ma'anar sunan da Turanci ita ce ƙarfin sauti. Irin kiɗan da su ke yi shi ne wanda Turawa ke kira hebi metal, watau kiɗan ƙarfe mai nauyi. Cikin makaɗan Japan masu irin wannan kiɗa, su ne suka fara samun shiga wajen wani babban kamfanin faifai na Amurka. Amma abin da ya fi cancantar nazari a tarihinsu wata matsala ce guda, wadda ta bi su tun daga farko: in mutum ya ari kiɗan waɗansu mutane, ya gwanance a kansa, har ya so ya koma ya sayar musu da shi, to, da wane harshe zai yi waƙar?

Asalin Kiɗan da Isowarsa Japan

Masana sun fi danganta asalin kiɗan ƙarfe ga Birmingham, birnin masana'antu na Ingila, inda ƙungiyar Black Sabbath ta fito da faifanta na farko a 1970. Kayan kiɗan ba su da yawa. Akwai jita mai aiki da lantarki, wadda a ke ƙara wa sauti har ta riƙa gurnani. Akwai wata jitar mai kaurin murya. Akwai jerin ganguna da faya-fayan tagulla, waɗanda mutum guda ke kaɗawa da hannuwa da ƙafafu. Sa'an nan ga mawaƙi, wanda tilas muryarsa ta hau bisa dukan wannan ƙara.

Kiɗan bai daɗe ba ya isa Japan. Makaɗan Led Zeppelin sun ziyarci ƙasar a 1971. A watan Agusta na 1972 kuma makaɗan Deep Purple suka yi wasa a Osaka da Tokyo, aka ɗauki wasan a faifan da aka sa wa suna Made in Japan. Samarin Osaka da yawa a nan suka ga abin koyi.

A daidai wannan lokaci wata gardama ta tashi tsakanin makaɗan Japan. Wani sashe, wanda Yuya Uchida ke kan gabansa, ya ce wannan kiɗa da Turanci aka haife shi, da Turanci kuma ya kamata a yi shi, in dai ana so duniya ta saurara. Ƙungiyar da ya ke shugabanta, Flower Travellin' Band, da Turanci ta ke waƙa, har ta ƙaura zuwa Kanada ta zauna. Ɗaya sashen kuwa, watau makaɗan Happy End, suka nace a kan Japananci, suka fito da faifansu Kazemachi Roman a 1971 don su nuna abin mai yiwuwa ne.

Gardamar tana da tushe a cikin ƙirar harsunan biyu. Gaɓar Japananci kusan kullum da wasali ta ke ƙarewa, ba ta kuma jera baƙaƙe biyu ko uku a farkonta. Kalmar Turanci mai gaɓa ɗaya ta kan zama mai gaɓa huɗu ko biyar a bakin mutumin Japan, kamar yadda Bahaushe ya kan tsarma wasali ya ce buroshi ko sukurudireba. Har wa yau Japananci ba ya rarrabe "r" da "l". Saboda haka mawaƙin da ya zaɓi harshensa sai gaɓoɓi su yi masa yawa a kan bugun ganga, wanda ya zaɓi Turanci kuwa sai lafazi ya tona masa asiri.

Daga Lazy zuwa Loudness

Biyu daga cikin waɗanda suka kafa Loudness, watau Akira Takasaki mai jita, haifaffen 1961, da Munetaka Higuchi mai ganguna, haifaffen 1958, sun fara ne a wata ƙungiyar 'yan makaranta ta Osaka mai suna Lazy. Daga wata waƙar Deep Purple suka samo sunan, kiɗan Deep Purple kuma su ke so su yi. Amma da suka shiga hannun kamfani a 1977, sai aka ɗinka musu tufafi masu launi, aka laƙa wa kowannensu sunan Turawa, aka ba su waƙoƙin soyayya masu taushi don 'yan mata, bisa misalin makaɗan Bay City Rollers na Sikotilan. Sun yi suna, sun sami kasuwa, amma ransu bai kwanta ba. A ƙarshen 1980 suka yi faifai irin na son zuciyarsu, mai nauyi, a 1981 kuma ƙungiyar ta watse.

Takasaki da Higuchi suka ɗauko Masayoshi Yamashita, abokin Takasaki tun na ƙuruciya, ya riƙe jita mai kaurin murya. Suka kuma ɗauko Minoru Niihara, wanda ya taɓa zama a ƙungiyar Earthshaker, ya zama mawaƙi. Kamfanin Nippon Columbia ya fito da faifansu na farko, The Birthday Eve, a watan Nuwamba na 1981. A watan Disamba suka yi wasansu na farko a wani babban zaure da ke unguwar Asakusa a Tokyo, zauren ya cika. Faifai na biyu, Devil Soldier, ya biyo a 1982, na uku, The Law of Devil's Land, a 1983. Abin lura a nan shi ne, sunayen faya-fayan duk na Turanci ne, amma waƙoƙin da Japananci a ke rera su, sai dai a kan yayyafa kalmomin Turanci nan da can, musamman a wajen amshi.

Ƙetare Teku

A 1983 suka fara fita waje, suka yi wasa a Kalifoniya, sa'an nan a Turai. Abin da ya fara jawo musu hankalin masu sauraro hannun Takasaki ne. Ya kan ɗora yatsun hannu biyu bisa wuyan jita ya riƙa taɓa tsirkiya da sauri, har makaɗan Amurka kansu suka sallama masa. Jita da ganga ba su bukaci tafinta ba. A wannan shekara suka ɗauki faifansu na huɗu, Disillusion, a Landan. Ya fito da Japananci a farkon 1984, bayan 'yan watanni kuma aka sāke rera shi da Turanci domin kasuwar waje. Daga nan ƙungiyar ta fara tafiya da harshe biyu.

Kamfanin Atco, wani reshe na Atlantic, ya ɗauke su. Aka haɗa su da Max Norman, Baturen Ingila mai tsara faifai, wanda ya yi aiki da Ozzy Osbourne. A Los Anjalis suka ɗauki Thunder in the East, wanda ya fito a 1985, dukansa da Turanci, an kuma zana hasken rana mai fitowa a bangonsa don kowa ya san daga inda suka zo. Niihara bai tashi da Turanci ba, ya kuwa sha wuya wajen daidaita lafazinsa. Duk da haka faifan ya kai matsayi na 74 a jerin faya-faye 200 mafiya kasuwa na mujallar Billboard. A wannan shekara suka bi makaɗan Mötley Crüe yawon wasa, suna buɗe musu fage, har suka hau dandalin Madison Square Garden na birnin Niyok a watan Agusta.

Akwai wani ƙaramin abu a cikin faifan nan da ya isa a tsaya a kansa. Waƙar da ta fi tashe a ciki ita ce Crazy Nights, abin da jama'a suka fi kamawa a cikinta kuwa wani amshi ne na haruffa uku, wanda dubban mutane kan yi ta maimaitawa da ƙarfi. Niihara da kansa ya bayyana daga baya cewa haruffan ba su da ma'anar kome. Ashe abin da ya fi shiga kunnen Amurkawa a cikin waƙar ba Turanci ba ne, ba kuma Japananci ba.

Faifan da ya biyo ya fito a Japan a 1986 da sunan Shadows of War, aka gyara shi aka fitar a Amurka da sunan Lightning Strikes, ya kai matsayi na 64. Wannan shi ne matuƙar abin da suka samu a can. Hurricane Eyes na 1987, wanda Eddie Kramer ya sa hannu a tsara shi, da ƙyar ya shiga jerin, ya tsaya can kusa da ƙarshe.

Sauya Mawaƙi

Da kasuwa ta ja baya, sai aka shiga neman dalili, aka kuwa ɗora laifin a kan harshen Niihara. Shawarar da aka ba ƙungiyar ita ce, in tana so ta ci Amurka, to, ta nemi mawaƙin da Turanci ne harshen uwarsa. A ƙarshen 1988 aka sallami Niihara, aka ɗauko Mike Vescera, Ba'amurke, daga ƙungiyar Obsession. Da shi aka yi Soldier of Fortune a 1989, da On the Prowl a 1991, wanda yawancinsa tsofaffin waƙoƙinsu ne aka sa musu sababbin baitoci na Turanci.

Vescera gwanin mawaƙi ne, lafazinsa kuma ba abin kushewa. Amma ko ɗaya daga faya-fayan nan biyu bai shiga jerin Billboard ba. Ga Ba'amurke, Loudness ta zama ɗaya daga cikin ɗaruruwan ƙungiyoyi masu murya iri guda, alhali da ita kaɗai ce irinta. Ga mutumin Japan kuma, muryar da ya saba da ita ta tafi. An saki reshe an kama ganye. Banda haka zamani ma ya juya: a 1991 wani sabon salon kiɗa ya taso daga birnin Siyatil, makaɗan Nirvana na kan gabansa, ya ture kiɗan ƙarfe daga gidajen rediyo. A wannan shekara Vescera ya bar su, hulɗarsu da Atco kuma ta ƙare.

Komawa Gida

Masaki Yamada na ƙungiyar EZO ya zama mawaƙinsu. Yamashita ya fita, Taiji Sawada, wanda ya baro shahararriyar ƙungiyar X, ya maye gurbinsa. Faifan da suka yi a 1992, mai sunan ƙungiyar, ya kai matsayi na 2 a jerin Oricon na Japan, abin da ba su taɓa samu ba. Lalle masoyan Sawada sun taimaka wajen wannan nasara, amma ba ta daɗe ba. A 1993 Higuchi da Sawada suka fita, ya zamana Takasaki kaɗai ya rage cikin na asali. Ya riƙe sunan har ƙarshen ƙarnin, yana ta gwada salo iri iri, masu sauraro kuwa suna raguwa.

Sa'ad da ƙungiyar ta kusa cika shekara 20, sai mutum huɗun farko suka sāke haɗuwa, suka fito da Spiritual Canoe a 2001, Niihara ya koma mazauninsa bayan shekara 12. Suka kuma koma ga tsohuwar dabararsu ta harshe biyu, kamar yadda suka yi wa faifan Racing na 2004, wanda ya fito da Japananci, daga baya da Turanci. Higuchi ya rasu ran 30 ga Nuwamba, 2008, da ciwon dajin hanta, yana da shekara 49, Masayuki Suzuki ya gaji gangunansa a 2009. A 2021 suka yi bikin cika shekara 40 da faifan Sunburst, Takasaki da Niihara da Yamashita duk suna ciki.

Abin da Tarihin ya Nuna

In aka jera alƙaluman, hukuncin da aka yanke a 1988 bai tsaya da ƙafarsa ba. Matsayi na 74 da na 64 da muryar Niihara aka same su, da lafazinsa na Osaka. Da aka kawo mai tsantsar Turanci ba a sami kome ba. Shaidu na waje ma haka suka nuna. Tun a 1963 Kyu Sakamoto ya hau matsayi na 1 a jerin waƙoƙin Billboard da wata waƙa ta Japananci zalla, wadda Turawa suka laƙa wa suna Sukiyaki. A 2016 kuma 'yan matan Babymetal, waɗanda yawancin waƙoƙinsu da Japananci ne, suka kai matsayi na 39 a jerin faya-faye, a 2019 suka kai na 13, suka wuce inda Loudness ta tsaya.

Sai dai adalci ne a tuna da halin zamanin. A 1985 gidajen rediyo da talabijin na Amurka su ne ƙofar kasuwa, ba safai kuma su kan sa waƙar da ba ta Turanci ba, don haka juyawar Loudness ga Turanci tana da hujja. Kuskuren ya zo ne a mataki na biyu, inda aka ɗauka cewa tun da an ari harshen, sai a aro har da mai shi. Babymetal kuwa sun zo a zamanin intanet, sa'ad da mai sauraro ke neman abin da ya ke so da kansa, ba sai mai rediyo ya yarda ba.

Gardamar da Uchida da makaɗan Happy End suka soma a 1970 ta sami amsa iri biyu a tarihin ƙungiyar nan. Mawaƙi yana iya aron harshe ya ci riba, muddin muryar da tarihin nasa ne. Amma in aka fid da shi aka sa wani don gyaran lafazi, abin da ya kawo masu sauraro tun farko shi ne a ke zubarwa. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.