Tarihin Hanyar Neman Guntayen Ƙari a Cibiyar Kwamfuta

Kowace kwamfuta tana da wata babbar manhaja wadda ke tsaye tsakanin ƙarfen na'ura da ayyukan da mutane ke yi da ita. A tsakiyar wannan manhaja akwai abin da za a iya kira cibiya, watau ɓangaren da ke raba ƙwaƙwalwa, yana ba kowane aiki lokacinsa, yana kuma magana da faifai da allo da katin sadarwa. Duk abin da ya shiga cikin cibiya ya sami cikakken iko, ba mai tsare shi. Saboda haka batun inda cibiya ke zuwa ta ɗauko abin da za ta ƙara wa kanta, ko da yake ana ganinsa ƙarami, ya daɗe yana cin tunanin masana.

Sa'ad da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina Unix a Bell Labs ta Amurka cikin 1969, wannan matsala ba ta taso ba, domin cibiya dunƙule guda ce. Wanda ya sayo sabuwar na'ura sai ya haɗa direbanta da sauran sassa, ya sake ƙera cibiyar, ya kashe kwamfuta ya tayar. Da na'urori suka yawaita, aka ga dabarar ba za ta ɗore ba, aka shiga rarraba cibiya gunduwa-gunduwa, ana ajiye guntayen ƙari a faifai har lokacin da bukatarsu ta zo. Kamfanin Sun ne ya yi fice a nan. A cikin Solaris 2, wadda ta fito a 1992, mai kula da na'ura yana iya rubuta kalmar moddir a fayil ɗin /etc/system, ya jera rumbunan da za a bincika ɗaya bayan ɗaya.

A jerin nan ne maganar take. Magidancin 'Yargoje da ya aiki yaro ya ɗauko fartanya, ya ce masa ya duba zaure, in babu ya duba gindin rumbu, ya san wadda yaron ya fara cin karo da ita ita zai kawo, ko da mai karyayyar ƙota ce. Haka cibiya take. Tana bin jerin tun daga farko, guntun da ta fara samu da sunan da aka ambata shi take ɗauka, ba ta waiwayar na baya.

Inda aka fi fito da wannan al'amari fili shi ne FreeBSD. Tsohon tsarinta na ɗora guntaye an yi shi ne bisa koyi da na SunOS, sa'an nan a 1998, tare da fitowa ta 3.0, aka kawo sabon tsari mai suna KLD wanda Doug Rabson ya rubuta. An ajiye jerin rumbunan a cikin cibiya kanta, ƙarƙashin sunan kern.module_path, layi guda ne kurum da ake raba sunayensa da waƙafi mai ɗigo. Da farko da hannu ake gyara layin, kuma kuskuren harafi ɗaya ya isa ya ɓatar da rumbu sukutum. Wannan ya sa Peter Pentchev ya rubuta ƙaramin umarnin kldconfig, wanda ya fara bayyana a fitowa ta 4.4 cikin 2001. Da shi ake karanta jerin, a cire suna, a ƙara wani a ƙarshe, ko a cusa shi a gaba. Amma fa umarnin yana da tarkonsa: wanda ya ba shi sabon rumbu ya manta alamar -m, wadda ke nufin a haɗa da na da, to ya share tsohon jerin ke nan, cibiya ta daina ganin guntayenta na asali. Gyaran kuwa ba ya wuce tashin na'ura na gaba, sai in an rubuta shi a loader.conf.

Daga fitowa ta 5.0 a 2003 aka raba gida biyu. Guntayen da suka zo tare da cibiya suna /boot/kernel, na baƙi kuwa, irin direban katin hoto na Nvidia, suna /boot/modules. Hikimar ita ce, in an sa sabuwar cibiya ana ɗauke rumbun farko a mai da shi kernel.old, na biyu kuma ba a taɓa shi. Lalle dabara ce mai kyau, sai dai ta bar baya da ƙura, domin guntun baƙon da ya tsira an ƙera shi ne don tsohuwar cibiya, kuma in bai dace da sabuwa ba, ko dai a ƙi karɓarsa, ko na'urar ta faɗi.

Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, ta bi wata hanya dabam. Cibiyarta ba ta yin bincike da kanta. Kowace fitowa tana da rumbunta a ƙarƙashin /lib/modules mai ɗauke da lambarta, umarnin depmod yana rubuta kundin wane guntu ke dogara da wane, modprobe kuma yana ɗaukowa. Wannan ya rage haɗarin cakuɗa tsoho da sabo ƙwarai, kuma a nan za a iya cewa Linux ta fi hangen nesa. Duk da haka cibiyar tana riƙe da adireshi guda, na modprobe kansa, kuma masu kutse sun daɗe da gane cewa wanda ya iya sauya wannan adireshi ya sa cibiya ta kira shirinsa da cikakken iko. Tun ƙarshen shekarun 1990 kuma ake samun miyagun guntaye irin su Knark, masu ɓoye ɓarawo daga idon mai na'ura. Daga nan hankali ya bar tambayar inda guntu yake, ya koma kan wanda ya ƙera shi, har aka shigar da duba sa hannu a Linux 3.7 cikin 2012.

Wannan tarihi ya iso ƙasar Katsina ta cikin aljihu. Wayoyin Android irin su Tecno da Itel, waɗanda suka cika hannun mutane a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, cibiyar Linux ce ke tafiyar da su. A 2017, da fitowar Android 8, kamfanin Google ya ware wa masu ƙera waya nasu sashe na faifai, inda guntayensu ke zama a /vendor/lib/modules, daga Android 12 a 2021 kuma ya wajabta wa sababbin wayoyi masu sabuwar cibiya su yi amfani da cibiya guda ta bai-ɗaya, direbobin kowane kamfani su zo a matsayin guntayen ƙari. Sashen a rufe yake da hatimi, ana duba shi duk lokacin da waya ta tashi. Mai waya ya tsira daga mugun guntu, amma ikon da mai kula da Solaris yake da shi a 1992, na ya ce a duba nan kafin can, ya koma hannun kamfani, kuma ranar da kamfanin ya daina aiko da gyara, guntayen suna nan yadda ya bar su har wayar ta mutu.